Na'urar Gwajin Jini ta Gida ga Mai Bawul na Ƙarfe a Zuciya: Abin da Muka Gani Bayan Shekara Biyu

Ƙanwata tana da shekara 17 aka yi mata aikin zuciya, aka cire bawul ɗin da ya lalace a ɓangaren hagu, wato ɗaya daga cikin ƙofofin zuciya masu hana jini komawa baya, wanda likitoci ke kira mitiral, aka dasa mata na ƙarfe a madadinsa. Tun daga lokacin, idan dare ya tsala gida ya yi tsit, wanda ya zauna kusa da ita yana jin ƙarar bawul ɗin kamar tafiyar agogon hannu, kuma tun daga lokacin ne aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini mai suna wafarin, wanda za ta ci gaba da sha iya rayuwarta. Wannan rubutu a kan ƙaramar na'urar da muka saya ne domin auna jininta a gida, wadda yau ta shekara biyu da 'yan watanni a hannunmu. Ni ne yayanta, kuma ni ne mai ɗawainiyar kai ta asibiti tun bayan rasuwar mahaifinmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Ban kama sunan kamfani ba, domin ire-iren na'urar da ke kasuwa aikinsu kusan ɗaya ne, kuma abin da ya fi damun mai saye a ƙasarmu shi ne ko irin wannan kaya zai iya zama da zafinmu da aljihunmu.

Ciwon da ya kai ta ga wuƙar likita ya faro ne daga abin da kowane gida ke rainawa, wato ciwon maƙogwaro. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira sitireptokokus ta rukunin A, wadda ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma idan ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jikin wasu yaran takan rikice ta afka wa gaɓoɓinsu da zuciyarsu. Yaro ya yi zazzaɓi, yau gwiwa ta kumbura, gobe ciwon ya koma idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne ko zazzaɓin cizon sauro, a ba shi magani abin ya lafa, alhali ƙofofin zuciya sun riga sun fara tabo. Haka muka yi da ita tana firamare, ba mu farga ba sai da ta kai ga ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa daga rijiya zuwa madafa sai ta tsaya tana haki, dare kuma sai an jera mata matashin kai uku kafin barci ya ɗauke ta. Ƙididdigar duniya ta 2019 ta nuna fiye da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kuma yana kashe sama da 300,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa.

Bawul na ƙarfe yana da ƙarko, shi ya sa ake yawan zaɓar wa matasa shi, amma jini yana son daskarewa a jikinsa. Aikin wafarin shi ne hana wannan daskarewa, kuma ana gane ko maganin ya yi daidai ne ta wata lamba da ake kira INR, wadda ke nuna jinkirin daskarewar jinin mara lafiya idan aka gwama shi da na mai lafiya, wanda lambarsa ke kusa da 1. Likitan ƙanwata ya kafa mata iyaka tsakanin 2.5 da 3.5. Idan lambar ta faɗi ƙasa, gudan jini zai iya taruwa ya toshe bawul ɗin, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Idan ta haura sama, sai haɓo da jinin dasashi da jini a fitsari, mafi muni kuma jini ya tsinke a cikin kai. Sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji akai-akai ba su dace da mai bawul na ƙarfe ba, domin gwajin da aka yi wa ɗaya daga cikinsu, dabigatiran, wanda aka wallafa a 2013, tsayar da shi aka yi tun bai ƙare ba saboda illar da aka gani. Ke nan mai irin wannan bawul ba shi da makawa daga wafarin, wafarin kuma ba ya tafiya sai da gwaji.

Kafin mu sayi na'urar, kowace ranar gwaji asarar yini guda ce, wani lokaci biyu. Muna zaune ne a wani gari da ke da tafiyar kusan awa biyu zuwa asibitin da ake duba ta a birni. Da an idar da sallar asuba muke kama hanyar tasha, mu isa mu bi layin kati, mu bi layin biyan kuɗi, sannan mu bi layin ɗibar jini, inda sau da yawa sai an soka mata allura sau biyu ko uku kafin a sami jijiya, hannun kuma ya yi tabo baƙi na mako guda saboda maganin da take sha. Sakamako ba ya fitowa sai bayan azahar, lokacin likita ya tashi, wani zubin kuma a ce sinadarin gwajin ya ƙare mu je wani wuri a waje. A shekarar da take ajin ƙarshe na sakandare na ƙirga ranakun makaranta da ta rasa saboda gwaji kaɗai, na ga sun isa su kayar da ɗalibi a jarrabawa. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai muka fara tsallake gwaji, har muka taɓa yin wata biyu cur tana shan magani a makance. Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. Binciken REMEDY da aka wallafa a 2015, wanda ya bi masu wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya gano cewa rabinsu ba su haura shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma a cikin masu shan maganin tsinka jini da aka auna, waɗanda lambarsu ke cikin iyaka ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ita na'urar ba ta fi tafin hannu ba, ta ɗan ɗara ta gwajin sukari da mutane suka saba gani. Tana aiki da ƙananan batura 4 irin na rimot, kuma wannan babban alheri ne a garin da wutar lantarki ke yin kwanaki ba ta leƙo ba, domin a shekara biyu sau uku kacal na canza su. Tana zuwa da wani abu mai kama da biro na tsire yatsa, da 'yar jaka, da littafin bayani. Tsinken gwaji kuwa, wanda ake ɗiga jinin a kansa, daban ake saye, a cikin 'yar gwangwani mai murfi, kowace gwangwani da ɗan guntun katinta mai lamba da ake cusa wa na'urar domin ta gane tsinken. Lambobin da ke fitowa a fuskarta manya ne, har Umma da idonta ya yi rauni tana iya karanta su.

Ga yadda safiyar gwaji take a gidanmu. Bayan asuba ƙanwata takan wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi, ta goge shi ya bushe sarai, domin danshi ko man shafawa yana ɓata gwaji. Sai ta zauna a tabarma, ta ajiye na'urar a kan 'yar kujera domin kada ta motsa, ta zaro tsinke ɗaya ta yi maza ta rufe gwangwanin, ta zura shi. Na'urar takan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi tana ɗumama tsinken, sannan ta yi ƙara alamar ta shirya. A nan ne za ta saki hannunta ƙasa jini ya sauko, ta tsire gefen yatsar tsakiya, ta matsa a hankali daga tushe har ɗigo guda mai kauri ya taru, ta ɗora shi a kan tsinken cikin daƙiƙa 15, kamar yadda littafin ya yi umarni. Kafin Umma ta gama dama koko lamba ta fito, abin bai fi minti guda ba. Ta rubuta kwanan wata da lambar da yawan maganin da take sha a wani littafi mai bango ja, ta ɗauki hotonsa ta tura wa likita ta WhatsApp, ta sa kayan makaranta ta fita. Ranar farko da ta yi haka ita kaɗai, ta tsaya a soro ta ce mini, “Yaya, wai shi ke nan an gama? Yau ba inda za mu?” Na ce mata ba inda za mu, ta tafi aji.

A kan sahihancin sakamako, likita bai yarda mu dogara da ita haka kawai ba, kuma na ga hikimar hakan. Sau uku muka tafi da ita asibiti, a ɗebi jinin jijiya a kai ɗakin gwaji, mu kuma mu gwada na yatsa nan take a kan benci. Dukkan lokutan bambancin bai kai rabin lamba ba, wanda shi ne abin da likitan ya ce zai lamunta. Har yanzu muna maimaita wannan gwamawa duk bayan wata shida. Sai dai akwai iyaka da ya kamata mai saye ya sani: irin waɗannan na'urori ƙarfinsu yana raguwa idan lamba ta yi sama sosai, saboda haka duk sakamakon da ya haura 4.5 umarnin da aka ba mu shi ne a je asibiti a tabbatar. Haka nan idan mara lafiya yana da ƙarancin jini mai tsanani, sakamakon zai iya kaucewa, kuma ƙarancin jini ba baƙon abu ba ne ga yarinyar da ke shan wafarin tana kuma yin al'ada mai yawa.

Babban abin da ya ba mu wahala shi ne zafi, kuma a nan ne aka ga cewa ba don ƙasarmu aka ƙera kayan ba. Littafin bayani ya ce a ajiye tsinken a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, ita kanta na'urar kuma ba ta son aiki idan zafi ya haura digiri 32. Duk wanda ya san watan Afrilu a arewa ya san ɗaki mai rufin kwano yana wuce haka tun hantsi, waje kuma zafi yana haura digiri 40. A bazararmu ta farko na kunna ta da rana, sai ta nuna alamar ma'aunin zafi ta ƙi karɓar tsinke, wanda na riga na zaro, kuma tsinken da aka fitar daga gwangwani ba ya jira fiye da minti 10. Na yaba da ƙin da ta yi, domin gara ta ƙi aiki da ta ba mu lambar ƙarya, amma asara ce. Dabarar da muka yi ita ce mayar da gwaji bayan asuba a duk tsawon shekara. Ajiyar tsinke kuwa, ana iya sa shi a firji, sai dai firjin da ba wuta akwati ne mai zafi, don haka muka sa gwangwanin a cikin roba mai murfi da ba ta shigar da iska, muka ajiye ta a gindin randar Umma, a kan jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashinta, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi na ajiye a wurin domin in riƙa dubawa. Da hunturu kuma matsalar takan juya, yatsu su yi sanyi jini ya ƙi fitowa, sai ta ɗan jima da hannu a ruwan ɗumi.

Sai batun kuɗi, wanda ba zan ɓoye nauyinsa ba. Kuɗin na'urar sau ɗaya ne, mun haɗa shi da gudummawar 'yan'uwa. Tsinken ne ke cin mutum a hankali, domin daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yuni na 2023 ban taɓa sayensa sau biyu a farashi ɗaya ba. Ba a samunsa a kemis na unguwa, sai an aika birni ko an yi oda daga Legas, kuma sau ɗaya wani mai sayarwa ya aiko mini da gwangwani mai tsinke 24 wadda saura wata uku wa'adinta ya cika. Na'urar tana duba kwanan wata, ba ta karɓar tsinken da ya wuce wa'adi, don haka fiye da rabi suka tafi a banza. Tun daga nan ba na tura kuɗi sai an turo mini hoton gindin gwangwani na ga ranar ƙarewa da idona. Ga kuma asarar koyo: a watanmu na farko mun ɓata tsinke biyar saboda ɗigon jini bai isa ba ko mun makara wajen ɗorawa. Duk da haka, da na zauna na lissafa kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, da kuɗin gwaji, da abincin hanya, da yinin da nake rufe shago, sai na ga gwajin gida ya fi sauƙi a gare mu. Wanda ke zaune kusa da asibiti mai ɗakin gwaji nagari lissafinsa zai bambanta da namu.

Ranar da na san na'urar ta biya kuɗinta ita ce wata Laraba a damina. Ƙanwata ta yi gudawa, wata ƙawarta ta raka ta kemis, aka ba ta metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ba tare da mai kemis ɗin ya tambayi ko tana shan wani magani ba, ita ma kunya ta hana ta faɗa a gaban ƙawarta. Bayan kwana huɗu tana goge baki da safe sai ta ga ruwan da ta tofar ya yi ja, ga kuma wani tabo shuɗi a cinyarta da ba ta san inda ta buge ba. Ba ranar gwaji ba ce, amma ta ɗauko na'urar, lamba ta fito 5.8. Na kira likita, ya ce ta dakatar da maganin gudawar, kada ta sha wafarin na ranar, mu zo yanzu. Gwajin asibiti ya tabbatar lambar ta yi sama ƙwarai, aka riƙe ta ana lura da ita har ta sauko. Da a zamanin da muke jiran ƙarshen wata ne, na san abin da za mu yi: za mu ce dasashi ne, ta kurkure baki da ruwan gishiri, ta ci gaba da shan magungunan biyu tare. Daga ranar ta haddace jerin magungunan da ke faɗa da wafarin, irin su Septrin da siprofulokzasin da fulukonazol masu ɗaga lamba, da rifamfisin na tarin fuka mai kayar da ita, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak masu janyo zubar jini, kuma yanzu kati take ɗauka a jaka mai bayanin cewa tana da bawul na ƙarfe.

Wani sauyi da ban yi tsammani ba ya zo ne ta wajen abinci. Da muka dawo daga aiki, Umma ta ji an ce ganye yana karya ƙarfin wafarin saboda sinadarin bitamin K da ke cikinsa, sai ta haramta mata duk wani abu kore. Babu zogale, babu alayyafo, babu rama, har miyar kuka ta hana. Kusan shekara guda ana yi mata tukunya daban, kowa yana cin tuwo da miyar ganye ita tana gefe da nata kwano, kuma na lura wannan wariya tana ci mata rai fiye da tabon da ke ƙirjinta. Likita ya sha faɗa mana cewa abin da ake so shi ne ta riƙa cin ganye daidai gwargwado ba tare da yau ta ƙaurace gobe ta cika ciki ba, amma tsoro ya hana mu gwadawa, tunda ba mu da hanyar ganin abin da zai biyo baya. Da na'urar ta zo, likita ya ce ta koma cin abincin gida, a gwada duk mako na wata guda. Lambar ta ɗan sauka, ya ƙara mata magani kaɗan, ta daidaita. Yanzu a kwano ɗaya take cin kwaɗon zogale da ƙannenta. Mun kuma gane daga littafinta cewa lambarta takan yi ƙasa kaɗan da damina, lokacin da ganye ya wadata a gidan. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya kuwa, mun rufe ƙofarsu gaba ɗaya.

Azumi ma haka. Shekarar farko bayan aiki ba ta yi ba. A ta biyu likita ya duba zuciyarta ya ba ta izini, da sharaɗin ta mayar da shan maganin bayan buɗa-baki a lokaci guda kullum, ta kuma gwada jini duk mako, tunda cima da lokacin barci duk suna canzawa a watan. Ta kai azuminta, ta je tarawi tare da sa'o'inta, kuma ban taɓa ganin ta da walwala irin ta sallar shekarar ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi ga 'ya mace, wanda na'urar ta taimaka a gefensa kawai. Wafarin yana iya yi wa ɗan tayi illa, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, kuma ciki da bawul na ƙarfe abu ne mai haɗari da ke buƙatar shiri tun kafin a ɗauka, da sauya magani idan likita ya ga dama, da gwaji a kai a kai. Maganar aure ta fara tasowa, kuma a garinmu da an ji yarinya tana da ciwon zuciya sai dangin manemi su ja baya. Ita da kanta ta ce ba za a ɓoye wa kowa ba. Da wani ya fito da gaske, ta nemi in zauna tare da su a soro, ta kawo littafin nan mai bango ja ta buɗe masa, ta yi masa bayanin kowace lamba, ta ce, “Wannan ne halin da nake ciki, ka je ka yi shawara da mutanen gidanku.” Yarinyar da a da idan likita ya yi mata tambaya sai ta dube ni in amsa, yau ita ce ke bayanin ciwonta da bakinta, kuma na tabbata gwajin da take yi da hannunta ne ya koya mata wannan.

Na'urar tana da nata haɗarin, kuma wajibi ne in faɗe shi da ƙarfi. Na farko, tana iya zama abin waswasi. Bayan abin da ya faru na kemis, ƙanwata ta shiga gwada jini kusan kullum, ɗan ciwon kai kaɗan sai ta zaro tsinke, idan lamba ta motsa daga 3.0 zuwa 2.7 sai ta kasa barci, har likita ya zaunar da ita ya nuna mata cewa irin wannan kai-komo ba komai ba ne, ya kuma kafa mata doka: gwaji duk mako biyu, sai fa idan an sauya magani ko ta ga jini ko ta yi rashin lafiya. Na biyu, kuma mafi girma, tana jarabtar mutum ya zama likitan kansa. Ganin lamba abu ne, sanin yadda za a sauya magani wani abu ne daban, domin wafarin yana ɗaukar kwanaki kafin tasirin sauyi ya bayyana, wanda ya ƙara yau ya sake ƙarawa gobe zai kai kansa ga zubar jini. Hatta launin ƙwayar yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka lambar miligiram ake karantawa, ba a bin launi. A Ingila hukumar da ke tantance hanyoyin jinya ta amince da gwajin gida tun 2014, kuma wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna masu gwada kansu sun sami ragin kusan rabi na haɗarin gudan jini, ribar ta fi fitowa ga 'yan ƙasa da shekara 55 da masu bawul na ƙarfe. Amma waɗancan an horar da su, kuma akwai asibiti a bayansu. Mu abin da ya tsaya mana shi ne likita guda mai amsa saƙo, Allah ya saka masa da alheri, kuma duk wanda bai sami irinsa ba tukuna, ina ba shi shawara ya fara neman likitan kafin ya nemi na'ura.

Ƙananan koke-koke: littafin bayanin da Turanci ne mai wuya, babu ko shafi ɗaya da Hausa, alamomin kuskure lambobi ne da sai an koma littafi, kuma idan ta lalace babu wurin gyara a kusa. Ba ta kuma ɗauke wa mara lafiya hoton zuciya na lokaci-lokaci, ko rigakafin fenisilin da ke hana zazzaɓin dawowa, ko kula da haƙora, wanda ke da muhimmanci domin ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su sauka a kan bawul.

Wanda nake ganin ta fi dacewa da shi shi ne matashi mai bawul na ƙarfe da ke nesa da ɗakin gwaji, ɗalibi ko mai sana'ar da yini ɗaya ke da tsada a gare shi, wanda zai iya riƙe littafi da bin umarni. Irin waɗannan suna da yawa a cikinmu, waɗanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar, ko a cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe kusa da Khartoum a 2007 tana aikin zuciya kyauta, suka dawo ƙauyukansu da sabon bawul, ba tare da wurin gwaji a kusa ba. Mafi yawansu ba za su iya sayen tasu ba, kuma a ganina bai kamata a ce sai kowa ya saya ba. Na'ura ɗaya a babban asibitin ƙaramar hukuma, da nas ɗaya da aka horar, da waya zuwa ga likitan zuciya a birni, za su wadatar da duk masu wafarin na yankin, tsinke kuma ba zai riƙa lalacewa a gwangwani ba tunda masu amfani da shi suna da yawa. Mu kanmu yanzu akwai wani yaro ɗan shekara 15 daga wani ƙauye kusa da mu, wanda mahaifinsa ke kawo shi a babur idan ƙanwata tana gida, ya zo da nasa tsinken da sabuwar allurarsa, ta gwada shi ta tura wa likitansa.

A bana ta shiga kwalejin ilimi, tana kwana a makaranta, kuma na'urar tana cikin akwatinta. Da yake babu randa a ɗakin kwanansu, tsinken yana wurin nas ɗin asibitin makarantar, wadda ke da firji mai aiki da hasken rana, can take zuwa da sassafe duk Asabar ta biyu ta yi gwajinta. Saƙon da ta turo mini na ƙarshe hoton littafin ne, an rubuta 3.1, a ƙasa kuma ta ƙara da cewa, “Yaya, tsinke saura bakwai, a fara nema tun yanzu.”